Babba Juji Ne: Tarihin Janar Eisenhower

Cikin manyan sojan Amurka, wanda tarihinsa ya fi ba ni sha'awa shi ne Janar Dwight Eisenhower. An haife shi cikin 1890 a gidan talakawa, ya gama makarantar hafsoshi ta West Point cikin 1915. Bai sami zuwa fagen fama ba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ya yi wajen shekara 16 yana manjo, amma bai karaya ba.

Mahaƙurci mawadaci. A Yaƙin Duniya na Biyu shi aka ɗora bisa rundunar ƙawance a Turai. Ran 6 ga Yuni, 1944, ya ƙetarar da soja fiye da 150,000 daga Ingila zuwa gaɓar Nomandi a Faransa, don su kori Jamusawa. Ana gobe za a kai harin, ya rubuta 'yar takarda ya ajiye, cewa in an kāsa, laifinsa ne shi kaɗai. Aka kuwa ci nasara.

Ya shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961, ya rasu cikin 1969. 'Yan'uwana ɗalibai masu son shugabanci, a ganina wannan takarda ta fi lambobin kafaɗarsa daraja.