Howard Brodie, Mai Zanen Da Ya Zama Idon Jama'a A Kotu

Dattawan Jos, na gida da waɗanda neman abinci ya kai Ikko da Badun, ba su manta da ran 15 ga Mayu, 1976 ba. A ranar ne aka harbe Joseph Gomwalk, tsohon Gwamnan Jihar Binuwai da Filato, tare da Laftana-Kanar Dimka, bisa zargin hannu a juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala Mohammed. Kotun soja ce ta yi shari'ar a asirce. Jama'a sun ji hukunci a rediyo, amma ba wanda ya nuna musu yadda mutumin ya tsaya gaban masu shari'a.

A Amurka akwai masu sana'ar toshe irin wannan giɓi, watau masu zanen kotu. Asalin abin kuwa shi ne hayaniyar da masu ɗaukar hoto suka yi a 1935, wajen shari'ar Bruno Hauptmann, wanda aka tuhuma da sace ɗan matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh da kashe shi. A 1937 ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta ce a fitar da kyamara daga kotu, a 1946 kuma kotunan tarayya suka hana ɗaukar hoto a shari'ar laifi. Fensir da takarda ne ba a hana ba. A Ingila ma har wannan an hana tun 1925, sai mai zane ya haddace fuskoki, ya fita waje ya zana.

Cikin waɗanda suka yi fice a sana'ar akwai Howard Brodie. An haife shi a Oakland ta Jihar Kalifoniya a 1915, ya fara da zanen 'yan wasa a jaridar San Francisco Chronicle. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga soja, yana yi wa mujallar Yank zane daga bakin daga, a tsibirin Guadalcanal, sa'an nan a Turai. Can ne ya ga an ɗaure sojan Jamus da aka kama sanye da kakin Amurka an harbe su. Ya zana abin da ya gani, hukumar soja ta hana a buga. Ya kuma je yaƙin Koriya da na Biyetnam.

Aikin kotu ya kankama a 1964, sa'ad da gidan talabijin na CBS ya aike shi Dallas shari'ar Jack Ruby, wanda ya harbe Lee Harvey Oswald. Daga nan sai ta Sirhan Sirhan, da ta Charles Manson, da ta Patty Hearst. Aiki ne na gaggawa. Shaida ba ya tsayawa don mai zane, hawaye ba sa jira, ga shi dole zanen ya isa gaban kyamara kafin labaran yamma. Nan fa amana take, domin in ya ƙara wa wanda ake tuhuma murtuke fuska kaɗan, miliyoyin mutane za su kwana da cewa mugu ne, alhali alƙali bai ce kome ba tukuna.

Zanensa da ya fi tayar da ƙura shi ne na Chicago, a watan Oktoba 1969. Bobby Seale, shugaban ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther, ya dage sai an bar shi ya kare kansa, tun da lauyansa yana kwance asibiti. Alƙali Julius Hoffman ya sa aka ɗaure shi da sarƙa a kujera, aka cusa masa tsumma a baki. Ba kyamara ko ɗaya a ɗakin. Da a rubuce kaɗai labarin ya fita, da wasu sun ce 'yan jarida sun ƙara gishiri. Amma mutane sun ga baƙin mutum a ɗaure cikin kotun ƙasarsu, a zanen Brodie da na 'yan'uwansa masu sana'ar. Alƙalin ya yanke wa Seale shekara huɗu don raina kotu, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke.

Brodie bai ɓoye ƙin hukuncin kisa ba. A 1967 ya shiga kurkukun San Quentin ya zana yadda aka kashe Aaron Mitchell da iskar guba, don jama'a su ga abin da ake yi da sunansu.

A 1981 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce jihohi suna iya barin kyamara ta shiga kotunansu, kasuwar masu zane ta fara ja da baya, sai dai a kotunan tarayya. Brodie ya rasu a Kalifoniya a watan Satumba 2010, yana da shekara 94. Zane-zanensa na kotu suna ajiye a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington.