CIWON DAJIN NONO: ME KE HANA MATA ZUWA ASIBITI DA WURI?

Masu gida da iyayen gida, wannan takarda taku ce duka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a shiga da ita cikin gida mata su ji da kunnensu.

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, wani tsiro ne da ke fitowa cikin jiki, ya yi ta girma ba tsayawa. In ya fito a nono aka ƙyale shi, sai ya bazu zuwa hammata, daga nan ya kai ƙashi, ko huhu, ko hanta. A Nijeriya babu dajin da ya fi kama mata kamar na nono. Bisa ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2 da dubu 300 aka samu da shi a duniya, wajen dubu 670 kuwa suka rasu.

Amma fa kada wannan ya karya muku zuciya, ciwo ne mai magani. A ƙasashen da a ke gano shi da wuri, cikin mata 10 masu shi, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Mu kuwa a nan, yawancin matanmu ba su isa wurin likita sai ciwo ya riga ya ci jiki. Ni da na ke aiki a dispensa na sha ganin haka. Mace ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa tun da damina, ba a kawo ta ba sai da wata daminar ta zagayo, nono ya fashe yana ruwa. Ga abubuwan da ke jawo wannan jinkiri.

1. Rashin zafi. Mun saba ba mu kiran abu ciwo sai ya hana mu barci. To, dajin nono galibi ba ya zafi da fari. Ƙullutu mai tauri wanda ba ya zafi, shi ne ma ya fi bukatar a duba.

2. Kunya. Mace takan ɓoye wa mijinta, har ta ɓoye wa uwarta, don kada kishiya ta ji ko maƙwabta su yi ta zance. Wata kuma ba ta son namiji ya duba ta. Akwai mata ma'aikata a asibiti, ku roƙa mace ta yi dubawar. Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuwa sammu ba ne. A ci abinci tare da mai shi, a zauna da ita.

3. Jiran maigida. Mata da yawa ba su fita sai da izini, kuɗin mota kuma yana hannun miji. Maigida, in iyalinka ta ce ta ji wani abu a nononta, kada ka ce a bari sai an gama girbi. Kuɗin motar da ka ke ƙyashin biya yau bai kai sa da za ka sayar baɗi ba, kuma ba lalle ne san ya fanshe ta ba.

4. Tsoron ƙarfe. Kun sha jin an ce daji ba ya son allura, wai in ƙarfe ya taɓa shi sai ya haukace. Ba haka ba ne. Waɗanda ku ka ga sun rasu bayan aiki, yawanci an kai su ne bayan ciwon ya riga ya bazu. Likita yakan sa allura ya ɗebi ɗan nama kaɗan a auna, ta haka ne kaɗai a ke tabbatarwa. Kuma yawancin ƙullutun nono in an auna sai a tarar ba daji ba ne, mace ta koma gida hankali kwance.

5. Yawon neman magani. Daga mai sassaƙe sai wanzami ya yi tsaga, daga nan sai mai shagon magani ya ba da ƙwayoyi. Wata shida sun wuce, kuɗi ya ƙare, tsiro yana ta girma. Kada ku yarda kowa ya tsaga nono ko ya shafa masa abu mai ƙuna.

ALAMOMIN DA ZA KU LURA DA SU

Ƙullutu ko tauri a nono ko a hammata. Fatar nono ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo. Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka ya ke ba. Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono. Nono ɗaya ya sake girma ko kama. Gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa takan yi kumburin nono da zazzaɓi, wannan yakan warke da magani, amma in an sha magani mako 2 taurin bai baje ba, a koma asibiti.

YADDA MACE ZA TA DUBA KANTA

Sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan tsarki da 'yan kwanaki. Wadda ta daina haila sai ta riƙe ranar ganin sabon wata, don kada ta manta. Ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannuwa sama, ta dubi nonon duka biyu. Sa'an nan ta kwanta rigingine, ta sa hannun dama ƙarƙashin kai, ta shafa nonon dama da cikin yatsu uku na hagu, a hankali, tana zagayawa har cikin hammata. Ta sake haka a ɗaya gefen. Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, saboda haka wadda ta kai 40, da wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi ciwon, su tambayi likita batun hoton nono ko da ba su ji kome ba. Shayar da jariri kuwa yana rage haɗarin, amma ba ya kawar da shi.

INDA ZA A JE

Ku fara da asibitin da ya fi kusa. In an ba ku takarda zuwa babban asibiti, kamar na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, ku tafi cikin makon nan, kada takardar ta kwana cikin akwati. A shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2021, an so a gama awo a san ko mene ne cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. In an fara magani a kai shi ƙarshe, ko da an ji sauƙi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Uwargida, ki duba kanki a wannan wata. Maigida, in an gaya maka, ka tashi ka kai ta. Allah ya ba mu lafiya, amin.