Malamin Zaure da Malamin Aji: Wa Yaro Mai Ƙiriniya Ya Fi Gajiyarwa?

Madabo tana cikin tsofaffin cibiyoyin karatu na birnin Kano, kuma tarihinta a ɗaure yake da na Wangarawa, malaman nan da suka taso daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zagaiti. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, wata tsohuwar takarda ta zuriyarsu kuma ta kai shi zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499. Ko wanne aka ɗauka, an haura shekara 500 ana karantarwa a lungunan nan, har sarautar Babban Malami ta kafu, aka san Madabawa da fikihun Malikiyya, musamman Muhtasar. Makarantar boko kuwa baƙuwa ce idan aka gwada: sai a 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nassarawa, a wajen ganuwa.

Yau yaron unguwar yana zuwa duka biyun. Da safe ya sa yunifom ya tafi firamare, da yamma ya rataya allonsa ya nufi zaure. Yaro ɗaya ne, ƙiriniyarsa ɗaya ce, tsokana da mintsini da ƙwace fensir duk bai bar su a gida ba. Malamai biyu ne ke fama da shi, kuma kowannensu yana komawa gida da irin tasa gajiyar.

Abin da kunne ke fara ji shi ne hayaniya. A makarantar allo hayaniya ita ce aikin. Kowane yaro yana ɗaga murya da nasa karatun, wannan yana Sabbi, wancan yana Amma, na gefe bai wuce babbaƙu ba, kuma daga cikin wannan guguwa kunnen malam yake tsinto wanda ya ci gyara. Shiru ne abin tsoro a wurinsa: inda murya ta ɗauke, can ake wasa. A aji kuwa shiru sharaɗi ne. Murya ɗaya ce za ta yi magana, sauran su saurara, don haka yaro biyu masu raɗa sun isa su ɓata wa kowa darasi. Malamin zaure yana amfani da ƙarfin huhun yara, malamin aji kuwa yana kokawa da shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35, amma a makarantun gwamnati na cikin birni ba abin mamaki ba ne a tarar da ninki biyu ko uku na haka a ɗaki ɗaya, wasu a benci, wasu a ƙasa. Wanda ya taɓa zama kusa da malaman irin waɗannan ajujuwa ya san kafin Laraba murya ta dishe.

Sai dai kada a ɗauka hayaniyar zaure kyauta ce. Mutumin da ya shekara 30 yana zaune kan buzu daga bayan Asuba, ya koma bayan Azahar, wani lokaci har dare, yara suna ihu a kunnensa daga Asabar zuwa Laraba, shi ma jiki yana gaya masa. Ba ya kiran abin da suna, ba ya zuwa taron bita a kansa. Ciwon kai ne da ciwon baya, sai ya ce sanyi ne.

Inda na ga bambancin ya fi zurfi shi ne wajen saurin tafiya. A zaure kowa da allonsa. Mai kaifin kai ya biya, malam ya ce ya wanke, a rubuta masa na gaba. Mai nauyin kai ya kwana uku a kan aya biyu, ba wanda ya tsaya jiransa, ba kuma wanda ya bar shi a baya, domin ba tare ake tafiya ba. A aji kuwa manhaja ce ke jan kowa da igiya ɗaya. Zango yana da makonninsa, kowane mako da abin da za a gama, jarrabawa tana jira. Yaron da ya gane tun a minti biyar na farko ya rasa abin yi, sai ya fara jifa da takarda. Yaron da aka wuce tun aji biyu, wanda har yanzu bai iya haɗa baƙi ba amma an ɗaga shi zuwa aji biyar, yana zaune yana kallon allo kamar baƙauye a tashar da ba ya jin harshen mutanenta, sai ya nemi abin da ya iya, wato ba da dariya. Mafi yawan waɗanda ake kira fitinannu daga ɗayan ɓangarorin nan biyu suke fitowa, kuma malamin ya sani, sai dai ba shi da hannu arba'in.

A nan ma aji yana da amsa. Tafiyar kowa da ƙafarsa tana ɓoye malalaci da wanda aka manta. Yaro yana iya shekara biyu a izu guda ba wanda ya tuhumi kowa, don babu ranar da aka ce a zo a auna. Aji yana da rajista, yana da jarrabawa, yana da katin sakamako da ake kai wa uba. Waɗannan takardu su ne ke cinye daren malami, yana zaune da jan biro da tulin littattafai bayan an ɗauke wuta, amma su ne kuma ke tona asirin cewa an bar wani yaro a baya.

Sannan akwai batun mataimaki. Malamin allo ba shi kaɗai ba ne. Yana da gardawa da manyan ɗalibai, waɗanda ke biya wa ƙanana, su rubuta musu, su zagaya da ido. Ba sabon tunani ba ne a duniya: a 1798 Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan inda manyan yara ke koyar da ƙanana, aka yi ta kwaikwayonsa a ƙasashe da dama, alhali a zaurukan Kano an daɗe ana haka. Malamin aji kuwa monita kawai gare shi, kuma aikin monita rubuta sunayen masu surutu ne. Ba ya koyar da kowa. Abokan gaba yake tarawa, in an tashi a tare shi a lungu. Amma gardi ma ba mala'ika ba ne. Saurayi ne da aka danƙa wa dorina ba tare da an koya masa yaushe ake ajiye ta ba, kuma da yawa daga waɗanda suka yi allo za su ce dukan da ya fi tsaya musu a rai ba daga hannun malam ya zo ba.

Na taɓa tsayawa bakin tagar wani aji a cikin birni. Malamar tana rubutu, ta juyo ta ce, "Kai, yaron can mai jar hula, ba da kai nake ba?" Yara huɗu suka waiga suna kallon juna. Ba ta san sunansa ba, kuma ba laifinta ba ne: an kawo ta makarantar a farkon zangon, daga wata unguwa mai nisa take hawo Adaidaita Sahu. A zaure kuwa malam ba ya ma ɗaga kai. Sai ya ce, "Ɗan gidan Alhaji, zan ga babanka da Magariba." Maganar ta ƙare. Shi ya raɗa wa yaron suna, watakila shi ya karantar da uban, kuma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ikon da yake da shi ba a zauren aka haife shi ba, unguwa ce ta ba shi. Malamin gwamnati kuwa takardar canjin wurin aiki ce ta kawo shi, wata takardar za ta ɗauke shi, kuma sau da yawa ba ya ganin uban yaro sai ranar da uban ya zo da faɗa. Wannan ba ciwon Kano kaɗai ba ne. A 2023 dubun dubatar malaman Koriya ta Kudu sun fito tituna bayan mutuwar wata matashiyar malamar firamare a birnin Seoul, suna kukan cewa ƙorafin iyaye ya ɗaure musu hannu har ba sa iya tsawata wa yaro.

Kusanci ma yana da nasa ɗaurin. Malamin da ke jiran kuɗin Laraba, da sadakar sauka, da buhun da wani attajirin unguwa ke aiko masa da azumi, ba kowane yaro yake iya kora ba. Ɗan mai hali ya yi abin da za a zane ɗan talaka, sai a ce masa "Allah ya shirye ka" a wuce. Malamin aji aƙalla ba daga aljihun uban yake ci ba. Albashinsa kaɗan ne, ko bayan da Kano ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a 2024 tsadar kaya ta riga ta yi gaba, shi ya sa za ka ga wani ya tashi daga makaranta ya wuce shago ko ya hau babur. Amma ya san wata zai ƙare, kuma akwai maganar fansho, ko da za a sha wuya kafin a karɓa. Malamin zaure ba shi da ranar ritaya. In ya yi sa'ar ɗalibai masu tunawa, ya huta a tsufansa. In bai yi ba, yana kan buzu har ƙarfi ya ƙare.

Bulala kuwa duka biyun suna riƙe da ita, don haka ba ta raba gardama kamar yadda ake zato. A aji an ƙara mata kamun kunne da tsallen kwaɗo da durƙuso a rana. Bambancin shi ne malamin aji yana da na sama da shi: hedimasta, da ƙungiyar iyaye da malamai, da hukumar ilimin bai ɗaya, ga dokar kare yara da Kano ta sa wa hannu a 2023. In ya wuce gona da iri akwai inda za a kai ƙara, ko da ba kullum ake saurara ba. Ingila ma sai a 1987 ta daina dukan yara a makarantun gwamnati, bayan doguwar muhawara. Zaure ba shi da wannan shinge sai tsoron Allah da idon maƙwabta, kuma an ga inda rashin shinge ke kaiwa a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu wurare, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Waɗannan gidaje ba makarantun allo na unguwa ba ne, zalunci ne a haɗa su, amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can da tunanin "malam ya fi mu sanin yadda zai yi da shi" suka kai su.

Akwai wani irin ɗalibi mai tayar da ƙura da Madabo ta sani, wanda ba ya jifa da takarda. A makarantar ilimi, inda magidanta ke zuwa da ƙafarsu, kowa da littafinsa, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala da Muhtasar, ba a bukatar dorina, sai dai a shirya wa mai tambaya. Malam Muhammadu Salga ya sha daga malaman Madabo, daga baya ya saɓa musu kan wasu al'adun jana'iza da sadakar mamaci, a farkon ƙarni na 20, aka yi ta musayar rubuce-rubuce tsakanin Salgawa da Madabawa. Na kawo wannan ne don masu cewa zaure biyayya zalla yake koyarwa su ɗan sassauta.

To, in aka ɗora duka a sikeli, ni a ganina wajen riƙon yaro mai ƙiriniya zaure ya fi aji dabara, kuma ba dorina ce ta ba shi fifikon ba. Kowane yaro yana da abin yi a hannunsa daidai da ƙarfinsa, malam yana da masu taya shi, kuma uban yaro yana nan kusa. Gajiyar malamin zaure ta jiki ce da ta aljihu. Ta malamin aji ta fi cin rai, domin an tsayar da shi shi kaɗai gaban taro, an ba shi manhajar da ta ɗauka duk yaran kansu ɗaya, sannan in abin ya lalace shi ake nunawa da yatsa. Wajen kare yaro daga malamin da ya fusata kuwa, da gano wanda aka manta a kusurwa, aji ya fi, kuma ba ƙaramin fifiko ba ne.

Ba duk abin da zaure yake da shi ake iya arowa ba. Ba gwamnatin da za ta iya sa malamar da aka kawo jiya ta zama wadda ta san kakan yaro. Amma raba aji gida uku bisa abin da kowa ya iya, da sa 'yan aji shida su zauna da 'yan aji ɗaya na rabin awa su biya musu, da barin malami ya daɗe a unguwa ɗaya har iyaye su san fuskarsa, duk ba sa bukatar kwangila. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Kano, aka shiga gyaran ajujuwa da ɗaukar malamai. Fenti da benci ana ganinsu daga titi. Yawan yaran da ke gaban malami ɗaya kuwa sai an shiga ciki an ƙirga, kuma muddin ya haura abin da mutum zai iya riƙe sunayensu, malamin zai ci gaba da kiran yaro da launin hularsa, ya kuma kai hannu ga bulala tun kafin a tashi tara.