Allurar Ciwon Sukari Mai Kare Zuciya: Wa Take Yi wa Amfani?

Mai ciwon sukari idan ya je asibiti, idonsa na kan lambar da na'urar gwaji za ta nuna. Likita kuwa zuciyar mara lafiyar yake tunani, domin abin da ya fi kai masu wannan ciwo kushewa shi ne toshewar jijiyoyin jini, wadda ke jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An daɗe ana shan magunguna masu sauke sukari ba tare da an tabbatar suna rage wannan haɗari ba. A 2007 ma sai aka zargi wani magani mai suna Avandia da ƙara haɗarin bugun zuciya. Shi ya sa a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce duk sabon maganin sukari sai an gwada shi, a tabbatar ba ya cutar da zuciya. Garin wannan gwaji ne aka tarar wasu magungunan taimakon zuciyar ma suke yi.

Wasu daga cikin magungunan nan suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanjin ɗan Adam ke saki bayan an ci abinci, wanda masana ke kira GLP-1. Shi ke sa jiki ya fitar da insulin idan sukari ya hau, ya hana hanta zuba ƙarin sukari a jini, ya rage saurin fitar abinci daga ciki, ya kuma sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Matsalarsa ita ce ba ya wuce kamar minti biyu a jini jiki ya lalata shi. Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A 1992 wani likita a birnin New York, John Eng, ya bayyana cewa ya samu makamancinsa mai daɗewa a dafin wani ƙadangare da ake kira Gila, mazaunin hamadar Amurka da Meziko. Daga nan aka yi Byetta, wanda ya shiga kasuwa a 2005. Bayansa aka samu Victoza na kullum, sai Trulicity da Ozempic na sau ɗaya a mako.

A 2016 aka fitar da sakamakon gwajin Victoza a kan mutum 9,340 masu ciwon sukari nau'i na biyu, waɗanda zuciyarsu ke cikin haɗari. Bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da ke biyo bayansu sun ragu da kashi 13 cikin 100. A shekarar dai, gwajin sinadarin da ke cikin Ozempic a kan mutum 3,297 ya nuna raguwar kashi 26. Na Trulicity a 2019 ya nuna kashi 12. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne wani gwajin sinadarin Ozempic na 2023, da aka yi a kan mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da ciwon sukari ko kaɗan: haɗarin ya ragu da kashi 20.

Kafin a yi tsalle, a fahimci wannan kashi 20 ɗin. A cikin kowane mutum 1,000 da aka yi wa allurar da babu magani a ciki, kimanin 80 ne suka gamu da ɗaya daga cikin musibun nan a shekara uku da 'yan watanni. A cikin waɗanda suka samu maganin, 65 ne. Mutum 15 ke nan suka tsira a kowane dubu. Ba ƙaramin abu ba ne, amma sauran 65 ɗin ma allurar suke yi. Kuma yawancinsu suna shan maganin hawan jini da na rage kitsen jini, allurar ƙari ce a kai. Wanda ya ajiye ƙwayoyinsa don ya fara allura ya yi wa kansa mugun ciniki. Ba kuma duk dangin maganin ne suka ci jarrabawar ba, domin akwai wanda aka gwada a 2015 bai cutar ba, bai kuma kare ba.

Ta yaya yake kare jijiyoyin? Ƙiba tana raguwa, hawan jini yana ɗan sauka, sukari yana daidaita, ƙoda ma tana samun sauƙi. Sai dai amfanin yana fara bayyana tun kafin a rage wani nauyin a zo a gani, abin da ya sa masana ke ganin maganin yana rage kumburin da ke bangon jijiya. Wannan kumburi ne ke sa daskararren kitse ya tsage, jini ya yi guda a wurin, hanya ta toshe.

Yanzu ga gargaɗin. Sunan Ozempic ya yi tashe a matsayin allurar rage teɓa, har ana tallarta a kafofin sada zumunta kamar man shafawa. Magani ne na likita. Tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare a makonnin farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali. Yana iya jawo tsakuwa a matsarmama. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya alama ce ta a dakatar da allura a garzaya asibiti. Mai ciki da mai neman ɗaukar ciki ba nasu ba ne, haka wanda shi ko danginsa suka yi wata irin sankara ta ƙullutun gaban wuya. Ba ya maye gurbin insulin ga mai nau'i na ɗaya. Wanda sukari ya riga ya taɓa masa ido a duba idon kafin a fara, domin saukar sukari da sauri na iya ta'azzara matsalar. Wanda kuma ke allurar insulin ko shan irin su Daonil, haɗa su da wannan ba tare da likita ya rage musu yawa ba na iya kayar da sukarinsa har ya suma. Mai niyyar azumi ya yi shawara tun kafin watan ya kama, saboda amai da ƙishirwa suna wahalar da ƙoda.

Sai jabu. A ƙarshen 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da alƙaluman allurar Ozempic na bogi da ake zargin insulin aka ɗura a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. Idan har ya iya kutsawa can, ina ga kasuwannin maganinmu? A saya a kantin magani mai rajista da takardar likita, a duba lambar NAFDAC, kuma arhar da ta wuce hankali abin tsoro ce.

Ko na gaskiyar ma zafi na kashe shi. Kafin a buɗe alƙalamin Ozempic, a firji ake ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare. Bayan an buɗe, kwana 56 ne iyakarsa, kuma kada zafin wurin ya wuce digiri 30. A Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, inda bazara ke haura 40 ga wuta ba tabbas, wannan ya kamata a fara tambayar mai kanti: a ina kayan suka kwana, kuma da me firjinsa ke aiki idan an ɗauke wuta?