Uwargida, Ina Kayanki Suka Kwana?

Yau zancenmu a kan kayan da kike sayowa ta waya ne daga Dubai ko ƙasar Sin, leshi ko abaya ko jakunkunan lefe, kin biya kuɗi kin zuba ido.

Da fari, in mai kaya ya ce ya aiko, to ya ba ki lambar bin sawu. In ta gidan waya ne, za ki ga haruffa 2, da alƙaluma 9, sa'an nan haruffa 2 na ƙasar da ƙunshin ya fito. CN Sin ke nan, AE su Dubai, TR Turkiyya. Da ita za ki duba a intanet ki ga inda ƙunshin ya kai.

Amma fa mu na Katsina da Jibiya, kayanmu da yawa ba gidan waya suke biyowa ba. Dillali a Maraɗi shi ke karɓa ya haɗa da nasa, mota ta biyo ta Ɗan Isa, ta tsaya Magama gaban 'yan kwastan. Lamba kuwa iyakarta hannun dillali. Daga nan sai takarda da amana.

Kada ki manta, iyaka kan rufe. An rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar aka sake rufewa a Agusta 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Motoci sun daɗe a tsaye da kayan mutane, ranar biki kuwa ba ta jira.

Saboda haka, 'yar'uwa, tun kafin ki biya ki tambayi hanyar da kaya za su biyo. Ki karɓi rasit mai sunanki da adadin kaya. Ki sa a ɗauko miki hoton kwali, ki rubuta lambar mota da ta wayar direba. Ku yi magana a kan wanda zai biya kuɗin kwastan, kada ki yarda da ɓarauniyar hanya, don abin da aka kama a can da wuya ya dawo. In da hali, ki riƙe cikon kuɗi sai kaya sun shigo hannu.

Kuɗin adashenki ne, guminki ne. Sai wani jiƙon, a gai da maigida da yara.