Tebiye Mai Nono Da 'Ya'yansa Mata: Wasan Da Ke Sa Iyaye Hawaye

Yau filin namu zai yi tafiya mai nisa, har ƙasar Rasha ta shekarar 1905, amma kafin mu kai ƙarshe ina jin kowaccenku za ta ga wata fuska da ta sani.

Akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake yi a kan dandamali a Turai da Amurka, wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa a cikinsa. Mutum biyu suna cikin zance kamar yadda ni da ke za mu yi a tsakar gida, to in abin da ke zuciyar ɗayansu ya yi nauyi har magana ta kasa ɗauka, sai makaɗa su tayar, shi kuma ya ƙarasa da waƙa. Wanda zan ba ku labarinsa yau sunansa Fiddler on the Roof, watau mai goge a kan rufin ɗaki. An fara nuna shi a birnin New York ran 22 ga Satumba, 1964, aka yi ta nuna shi har 1972, sau 3,242, kuma kafinsa babu wani wasa mai waƙoƙi da ya taɓa kaiwa sau dubu uku a manyan gidajen wasa na Broadway. Jerry Bock ne ya tsara kiɗan, Sheldon Harnick ya rubuta waƙoƙin, Joseph Stein ya rubuta zantukan. Sun ɗauko labarin daga rubuce-rubucen wani marubuci Bayahude mai suna Sholem Aleichem, wanda ya rasu a 1916. A 1971 aka mai da wasan fim, shi ya sa wadda ba ta da halin zuwa gidan wasa ma za ta iya kallonsa.

Labarin wani talaka ne mai suna Tebiye, Bayahude, mai sayar da nono a wani ƙauye da aka ƙaga wa suna Anatebka. Dokinsa ya gurgunce, don haka shi da kansa ke jan keken nonon. Matarsa Golda mace ce mai kaifin baki da himmar aiki. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, duka mata, ga shi a al'adarsu uban yarinya ne ke haɗa dukiyar da za ta shiga ɗakin miji da ita, shi kuwa ba shi da ko anini. Tun farkon wasan Tebiye ya bayyana wa 'yan kallo cewa su mutanen ƙauyen kamar mai goge suke a kan rufi, yana son ya yi kiɗa kuma yana tsoron faɗuwa, abin da ke riƙe da su kuwa shi ne al'adar kakanni. Yana da wata ɗabi'a mai ban dariya. Kome ya taso sai ya tsaya ya auna shi, ya duba ta wannan gefe, ya juya ya duba ta wancan, yana yi yana hira da Ubangiji kamar mai hira da maƙwabci. Ki riƙe wannan ɗabi'a a ranki, domin za mu dawo kanta.

Babbar 'yar, Saitel, ita ce ta fara girgiza rufin. Mai dalilin aure ta kawo maganar wani mahauci mai kuɗi, dattijo, wanda matarsa ta mutu, uban kuwa ya ba da ita. Yarinya ta faɗi tana roƙo, ashe ta riga ta yi alkawari da wani tela matalauci mai suna Motel. Tebiye ya auna, ya auna, ya janye maganarsa. A daren bikin, ana riƙe da kyandirori, amarya da ango suna tsaye a ƙarƙashin rumfar ɗaurin aure, sai uwa da uba suka rera wata waƙa a hankali suna tambayar kansu yaushe ne yaran nan suka girma ba su lura ba. Duk uwar da ta taɓa tsayawa tana kallon ana lulluɓe 'yarta ba ta bukatar a fassara mata wannan. Ana cikin rawa da murna sai Rashawa suka faɗo wa taron bisa umurnin hukuma, suka kifar da tebura, suka yayyaga matasan kai na gashin tsuntsu da iyayen suka ba amarya. Bayan sun fita, Tebiye ya dubi iyalinsa ya ce a tashi a share. Da wannan aka rufe labulen kashi na farko.

Mutane da yawa za su ce nan ne wurin da ya fi taɓa zuciya, saboda hayaniya da ɓarna. Ni dai a ganina wuraren da suka fi ciwo suna gaba, kuma duk ba su da hayaniya. Mutum biyu ne kawai a kan dandamali, 'yan gida ɗaya, kowa da abin da ke cin ransa.

Na farko ya zo ne bayan 'ya ta biyu, Hodel, ta zaɓi nata mijin, wani ɗalibi mai ra'ayin juyin mulki, Percik. Su ba su ma nemi izini ba, albarka kawai suka nema, dalilinsu kuwa shi ne suna son juna. Wannan kalma ta so ta tsaya wa Tebiye a rai. Ya koma gida ya tarar da Golda tana cikin aiki, sai kawai ya tambaye ta ko tana sonsa. Kai, jama'a! Shekara ashirin da biyar da aure, kuma ranar ɗaurin aurensu ce ranar da suka fara ganin juna. Golda ta ɗauka ciwo ne ya kama shi, ta ce ya je ya kwanta. Ya sāke tambaya. Sai ta shiga lissafa masa wanki da girki da shara da haihuwa da tatsar saniya na shekara ashirin da biyar, tana faɗa tana tsaki, har a hankali ita da kanta ta ji abin da take faɗa. Daga ƙarshe ta amsa, da kyar, kamar mai biyan bashi, shi ma ya amsa mata. Suka zauna gefe da gefe, babu wanda ya kalli wani.

'Yan kallo dariya suke fara yi a wannan wuri, sa'an nan dariyar ta mutu a hankali. An ƙara wannan waƙa ne lokacin da ake gwada wasan a birnin Detroit kafin a kai shi New York, kuma Harnick da ya rubuta ta ya ba da labari cewa wata rana yana kallonta sai kuka ya ƙwace masa har ya fita waje, don ya tuna zaman iyayensa. Ku 'yan mata na makaranta, na san ku da son labarin soyayya mai wasiƙu da alkawura. To ku dubi Golda da kyau. Akwai mata da yawa a gidajenku da ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba, in kuwa aka yi musu, da lissafin tukwane za su amsa.

Na biyu a tashar jirgin ƙasa yake. An kama Percik an kai shi Saiberiya, ƙasar ƙanƙara inda Sarkin Rasha ke tura waɗanda ya kora, Hodel kuwa ta ce sai ta bi shi. Ba shi ya kira ta ba, ita ta ga ya kamata. Uban ne kaɗai ya rako ta, suka zauna a wani fili mai iska suna jiran jirgi, yana ta neman hanyar da zai hana ta, ita kuma ta rera masa waƙa tana ƙoƙarin sa shi ya gane yadda mutum zai so gidansu har ransa kuma ya bar shi. Ta yi masa alkawari za a ɗaura auren bisa ƙa'idar addininsu. Da jirgi ya ƙaraso ta rungume shi tana cewa Allah kaɗai ya san ranar da za su sāke haɗuwa, shi kuma ya ce to su bar masa. Bayan ta tafi, tsohon ya ɗaga kai sama ya roƙi Ubangiji ya kula masa da ita, ya kuma sa ta riƙa sa tufafi masu ɗumi. Allah Sarki! Wannan roƙo na tufafi shi ne ke karya ni. Duk hikimar da mutumin nan ke taƙama da ita ta ƙare, abin da ya rage masa shi ne tsoron kada 'yarsa ta ji sanyi. Hodel ba ta sāke fitowa a wasan ba.

Sai ta uku. Sunanta a harshensu Chava, wanda shi ne sunan da mu muke cewa Hauwa, don haka da Hauwa zan kira ta. Yarinya ce mai son karatu, kuma ta hanyar aron littafi ta saba da wani saurayi Barashe, Kirista, mai suna Fiyedka. Uban ya hana ta ko magana da shi. Ta gudu, limamin coci ya ɗaura musu aure. Golda ce ta zo da gudu ta sami mijinta a hanya yana jan kekensa ta faɗa masa. Ya ce ta koma gida, suna da sauran 'ya'ya, Hauwa ta mutu a wurinsu.

Da ya rage shi kaɗai sai ya shiga tuna ta tana ƙarama, ana nuna 'ya'yan nasa uku suna rawa a bayansa kamar a mafarki, kowacce tana barin uwarta tana bin mijinta. Sai ga Hauwa da kanta ta zo tana roƙonsa ya karɓe su. Nan ɗabi'ar nan tasa ta motsa. Ya fara aunawa kamar yadda ya saba, ya duba gefen 'yarsa, ya duba gefen addininsa da mutanensa, ya nemi ya sāke juyawa, sai ya tarar babu sauran gefen da zai juya. Ya ja kekensa ya wuce, tana kiransa yana toshe kunne. Sau biyu 'yan kallo sun ga wannan aune-aune ya ƙare da dariya da sa albarka, shi ya sa na ukun ke zuwa musu kamar mari. Abin da na yaba wa marubutan shi ne ba su mai da uban mugu ba, ba su kuma mai da yarinyar 'yar banza ba. Kina kallo kina jin zafin kowannensu, kuma ba ki da abin da za ki ce musu su yi.

Ba a jima ba takarda ta zo daga hukuma, an ba Yahudawan ƙauyen kwana uku su sayar da abin da suka mallaka su tashi. Ƙauyen ƙagagge ne, amma korar da hare-haren sun faru da gaske, kuma tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu suka bar gabashin Turai zuwa Amurka. Tebiye da Golda da ƙananan 'ya'ya biyu can suka nufa. Saitel da tela da jaririnsu za su tsaya a Polan har su tara kuɗin jirgi.

Ana cikin ɗaure kaya sai ga Hauwa da mijinta sun zo sallama. Su ma barin garin za su yi, za su birnin Krakow, domin ba za su iya zama cikin mutanen da ke yi wa wasu haka ba. Tebiye ya juya baya yana ta ɗaure igiya kamar bai ji ba. Golda na son magana tana tsoro. Hauwa ta jira, ta jira, ta juya za ta tafi. Saitel ce ta kasa daurewa ta yi mata sai wata rana. Sai uban, ba tare da ya ɗago kai ba, ya furta addu'ar Allah ya kasance tare da ita can ƙasa-ƙasa, yadda Saitel kaɗai za ta ji, ita kuma ta ɗaga murya ta isar wa ƙanwarta. Nan take Golda ta sami baki, ta ƙwala wa Hauwa inda za su sauka a Amurka don ta rubuto wasiƙa.

Ki lura, 'yar'uwa, wasan nan cike yake da waƙoƙi, amma a wannan wuri ba a ba uban waƙa ba. A ƙa'idar irin wannan wasa, in magana ta gaza sai a yi waƙa, to nan waƙar ma ta gaza. Bai yafe mata a fili ba, bai kalle ta ba, bai kuma iya barin ta tafi ba tare da addu'arsa ba, sai ya aika da ita ta bakin yayarta. Wadda ta tashi a gidan da uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ko yake aiko da saƙo ta bakin uwa, ta san irin wannan ƙauna mai zagaye. Akwai kuma wani nauyi da 'yan kallo na 1964 suka ji wanda mutanen cikin wasan ba su sani ba. Sun san abin da ya sami Yahudawan Polan tsakanin 1939 da 1945, don haka da suka ji an ambaci Krakow, sun san inda yarinyar ta dosa.

Joseph Stein ya sha ba da labarin cewa da aka kai wasan Japan, wani daga cikin masu shirya shi a can ya tambaye shi ko Amurkawa suna gane wasan kuwa, domin shi a ganinsa labarin Japanawa ne tsantsa. An yi shi a harsuna da dama, a 2018 kuma aka yi shi a New York da harshen Yidish, harshen da Sholem Aleichem ya yi rubutunsa da shi.

A ƙarshen wasan iyalin sun ɗora tukwane da katifa a kan keken nonon nan, Tebiye ya shiga tsakanin sandunan ya fara ja. Sai ya ji goge a bayansa. Ya waiwaya ya ga mai gogen ya sauko daga rufi yana tsaye a kan hanya. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya yafuto shi da kai, mai gogen ya bi bayansu.