Yadda ake auna zurfi da daidaita sassa a sassaƙar ƙaramin samfuri

Mai sassaƙa akushi ko turmi yana da itacen da zai yafe masa ƙaramin kuskure. Mai sassaƙa ƙaramin samfuri ba shi da wannan sararin. A ce za a kwaikwayi kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a yankin da yau yake cikin jihar Yobe. Tsawonsa mita 8.4 ne. Idan aka rage shi zuwa kashi 1 cikin 20, tsawon zai dawo santimita 42, kuma duk milimita ɗaya da wuƙa ta zarce, daidai take da santimita 2 a jikin na asali. Itacen da aka sare kuwa ba ya komawa.

Ido yana gane tsawo da faɗi, amma zurfi yana yaudararsa, domin inuwa tana sa a ga kamar rami ya fi yadda yake zurfi. Saboda haka kafin a fara rarake ciki, ana naɗa ɗan salatif a jikin bakin abin huji daidai zurfin da ake so, a huda ramuka a jere a tsakiyar katakon. Sai a riƙa kwashe itacen da ke tsakaninsu. Da zarar gindin ramukan ya ɓace, an iso, a dakata. Ni ina ganin gara a tsayar da ramukan milimita 1 ko 2 kafin zurfin ƙarshe, saboda kankara da sanfefa ma suna cin nasu.

Ana kuma gitta miƙaƙƙen ƙarfe ko rula a kan baki, a zura tsinke har ƙasa, a sa masa alama. A cire wannan zurfin daga tsayin waje, abin da ya rage shi ne kaurin gindi. Bango kuwa yatsu ne alƙalansa: babban yatsa a ciki, manuniya a waje, a bi jikin a hankali, inda ya yi kauri za a ji.

Daidaita sassa ya dogara da layin tsakiya. A zana shi tun katakon yana da kusurwoyinsa, sama da ƙasa da kawunan biyu. Wuƙa za ta cinye shi, to a sake zana shi nan take, kada a bari sai an yi nisa. Nan ne sabon hannu ya fi faɗuwa. Duk wani awo, na mazauni ne ko na hancin kwalekwalen, daga wannan layin da kuma kai ɗaya za a ɗauko shi. Wanda ya auna mazauni na biyu daga na farko, na uku daga na biyu, kuskurensa taruwa yake yi.

Don gefe biyu su zo ɗaya, a yanka siffar rabin jikin a kwali, a gwada a dama, a juya shi a gwada a hagu. Kada a taɓa gindin waje sai a ƙarshe, domin shafaffen gindin nan shi ke zaunar da aikin a kan tebur a samu awon tsayi. Dubawar ƙarshe kuma a yi ta da tocilan daga gefe, hasken da ya kwanta shi ke tona tudu da kwari.